Karkatar ƙwayar harsashi tana ɓata saiti, ko agogon awo ne kawai yake tayar mana da hankali?

Bakano_Houston:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina ɗura harsasaina da kaina, wato ina haɗa kwanson tagulla da albarushi da ƙwaya, a nan Houston, inda doka ta yarda da hakan, domin harbin allo a fili da bindigata mai cin harsashin 6.5 Creedmoor. A watan jiya na sayi agogon awo na Sinclair, irin wanda ake kwantar da harsashi a kan ƙananan ƙwallaye a riƙa mirgina shi da yatsa, allurar agogon tana zaune a kan ƙwayar, kuma tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. A cikin harsasai 50 da na auna, yawancinsu allura tana lilo tsakanin inci 0.002 da 0.003, amma wajen guda goma sun kai 0.005, har akwai mai 0.006. Kafin in sayi agogon, harbi biyar yana taruwa a ƙasa da inci ɗaya a yadi 100, kuma ina komawa gida da farin ciki. Tambayata biyu ce: daga ina wannan karkata take shigowa, sannan tana bayyana a kan allon harbi da gaske, ko kuwa na sayi abin da zai hana ni barci ne kawai?

Injiniya_Panteka:
Wa alaikumus salam. Ni ban taɓa ɗura harsashi ba, kuma ba ni da niyya, amma shekara 24 ina aiki da agogon awo a kan injin ferar ƙarfe a Kaduna, don haka bari in gyara karatun allurar tun kafin a yi nisa. Idan ka mirgina abu mai zagaye allura ta yi lilo 0.006, ba wai abin ya kauce daga tsakiya da 0.006 ba ne, domin a juyi ɗaya allura tana ganin tudun a gefe ɗaya kuma tana ganin kwarin a ɗaya gefen. Ainihin kaucewar rabi ce, wato 0.003. Haka muke karanta karanshaf idan ana zargin ya lanƙwashe. Abu na biyu, wurin da ka ɗora allurar yana canza amsa: kusa da bakin kwanso za ka ga kaɗan, can kusa da tsinin ƙwaya za ka ga da yawa, alhali harsashi ɗaya ne. Duk wanda zai kawo lamba a nan, don Allah ya faɗi inda ya auna, in ba haka ba kowa zai riƙa magana a kan abu dabam.

Bakano_Houston:
Na gode, Injiniya. Ina ɗora allurar ce a inda ƙwayar ta fara siranta, wajen rabin inci daga bakin kwanso.

Dattijo_Phoenix:
Malam Bakano, kada ka fara da sayen sabon kaya, domin wannan ita ce hanyar da yawancinmu muka bi muka zubar da kuɗi. Ka ɗauki kwanso goma waɗanda bindigarka ta harba, ka auna wuyansu kafin ka taɓa su da komai. Idan mazaunin harsashin bindigarka a miƙe yake, za ka ga allura da ƙyar take motsi, domin matsin harbi ya riga ya buɗe tagullar ta ɗauki siffar mazaunin. Sai ka matse su a ƙarfen matsewa, wanda yake mayar da kwanso girmansa, ka sake auna wuyan, sannan ka dasa ƙwaya ka auna a karo na uku. Matakin da lambar ta yi tsalle, nan ɓarawonka yake. A abin da na gani tsawon shekarun da nake gasar harbin nesa ta F-Class a filin Ben Avery, sau da yawa laifin na ƙwallon faɗaɗa wuya ne, wanda yake kan sandar da ke cikin ƙarfen matsewa. Ƙarfen yana tsuke wuyan fiye da yadda ake buƙata, sannan lokacin da kake jawo kwanson ƙasa, ƙwallon yana ratsa wuyan da ƙarfi a daidai lokacin da jikin kwanson ya fita daga riƙon ƙarfen, babu abin da yake tallafe da shi. Idan sandar ta ɗan kauce ko cikin wuyan ya bushe babu maiko, sai ya ja wuyan gefe guda.

Maryam_Alberta:
Na goyi bayan Baba Dattijo. Ni na cire ƙwallon gaba ɗaya, ina matse kwanso ba tare da shi ba, sannan in buɗe wuyan da sandar faɗaɗawa mai kaurin inci 0.262, wadda take shiga daga sama, ƙwayar kuwa 0.264 ce. Tunda sandar tana shiga ne kwanson yana zaune daram a kan gindinsa, ba ta jan wuyan kamar yadda ƙwallon yake yi. Aikin ya ƙaru da mataki ɗaya, amma yanzu da wuya in ga abin da ya wuce 0.002.

Malamin_Lissafi:
Kowa ya ruga wajen magani, amma ba a amsa tambaya ta biyu ba, kuma ita ce mai muhimmanci. Mu ɗauki harsashi mai lilon 0.004 a inda Malam Bakano yake aunawa. Bisa gyaran da Injiniya ya yi, kaucewar 0.002 ce a tsawon rabin inci. Idan aka mayar da wannan kusurwa, ya kai wajen MOA 14, kuma MOA ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100. Ke nan da ƙwayar tana tafiya ne a inda hancinta ya nuna tun tana cikin kwanso, da ta kauce wa inda aka saita da fiye da inci 14, kuma babu wanda ya taɓa ganin haka. Dalili shi ne maƙogwaron bututun bindiga, wato ɗan wurin nan mai santsi da ke gaban mazaunin harsashi kafin zanen cikin bututu, wanda yake sa ƙwaya ta juya, ya fara. A ma'aunin 6.5 Creedmoor na SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, faɗinsa inci 0.2645 ne, wato ya fi ƙwayar da 0.0005 kacal. Idan ka rufe bindiga a kan harsashin da ya karkata, maƙogwaron da kansa yana tura ƙwayar ta dawo hanya. Wanda yake shakka ya haɗa harsashin gwaji marar albarushi, ya auna shi, ya saka a bindiga ya rufe, ya fitar ya sake aunawa.

Garba_Bisley:
Malam, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a rabin hanya. Babu wanda ya ce ƙwaya tana bin inda hancinta ya nuna. Abin da ake tsoro shi ne ragowar karkatar da maƙogwaro bai gyara ba, wadda zanen bututu zai tauna a jikin ƙwayar a haka, ta yadda tsakiyar nauyinta ba ta zauna a kan tsakiyar bututun ba. Ƙwaya mai gudun ƙafa 2,700 a daƙiƙa, a bututun da zanensa yake juyi ɗaya a kowane inci 8, tana fita ne tana juyawa sau 243,000 a minti. A irin wannan juyi, ɗan rashin daidaito da ido ba ya gani yana isa ya wurga ta gefe a lokacin da ta bar bakin bindiga, kuma hancinta yana fara rangaji a iska kafin ya lafa. Wannan ba sabon zance ba ne. Dakta F. W. Mann ya bi diddiginsa a littafinsa na 1909, kuma Harold Vaughn, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken Sandia, ya sake komawa kansa a littafinsa na 1998. Abin da na yarda da kai a kai shi ne girman illar ya danganta da maƙogwaro. Tsofaffin bindigogin .30-06 da bindigogin soja masu sakakken maƙogwaro suna barin ƙwaya ta shiga a karkace, kuma daga zamaninsu ne aka gaji tsoron karkata. Bindigar Malam Bakano tana da tsukakken maƙogwaro, don haka zai yiwu ya ga kaɗan, amma kaɗan ba babu ba ne.

Bakano_Houston:
Na yi gwajin Baba Dattijo jiya da daddare. Wuyan kwanson da aka harba bai wuce 0.001 ba. Bayan matsewa ya koma tsakanin 0.002 da 0.004, kuma bayan dasa ƙwaya ya ƙaru kaɗan kawai. Ke nan ƙarfen matsewa ne. Shin in sayi mai bushin a wuya, wato ɗan zoben da ake sakawa a cikinsa ya tsuke wuyan kwanso?

Dattijo_Phoenix:
Mai bushin yana da kyau, amma yana da nasa sharaɗin. Idan mazaunin bindigarka na kamfani ne, wuyan kwanso yana buɗewa sosai bayan harbi, kuma idan ka tilasta wa bushin ya tsuke shi da fiye da wajen 0.005 a bugu ɗaya, sau da yawa shi ma yana kawo karkata. Shi ya sa wasu suke yi a mataki biyu, da babban bushin sannan ƙarami. Haka kuma kada ka ɗaure bushin ɗin tamau, ka bar masa ɗan wasa har ka ji yana ƙara idan ka girgiza ƙarfen, domin ya nemi tsakiya da kansa. Kafin ka sayi komai, gwada abu biyu masu araha: ka shafa busasshen maiko a cikin wuyan kwanso, sannan ka saka zoben roba a ƙarƙashin zoben kulle na ƙarfen matsewa domin ya samu ɗan sassauci. Injin Forster Co-Ax a kan wannan tunanin aka gina shi, ƙarfen yana zamewa ne cikin gurbi maimakon a ɗaure shi da zare. Akwai kuma ƙarfen Lee Collet, mai araha, wanda yake matse wuyan a kan sanda daga kowane gefe, kuma mutane da yawa suna haɗa shi da ƙarfen da yake matse jiki kaɗai.

Injiniya_Panteka:
Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da awon wuya da kuke yi. Allurarku tana taɓa bayan wuyan ne, amma ƙwayar a cikin wuyan take zama. Idan bangon wuyan ya fi kauri a gefe ɗaya, misali 0.015 a nan 0.013 a can, ba zai yiwu ciki da waje su zama a tsakiya lokaci ɗaya ba. Bushin yana daidaita waje ya tura bambancin ciki, sandar da Hajiya Maryam take amfani da ita tana daidaita ciki ta tura bambancin waje. Babu ɗayansu da ya cire shi, sun dai canza masa wurin zama ne. A wurinmu idan bututu ya zo da irin wannan, ferewa kawai ake yi.

Maryam_Alberta:
Haka ne, Injiniya, kuma a nan ma akwai masu fere wuyan kwanso da ɗan ƙaramin kayan fira na hannu. Na yi wa kwanso 100 sau ɗaya, yatsuna suka yi kanta, na ce ba zan ƙara ba. Yanzu ina sayen tagulla mai kyau irin ta Lapua, in auna kaurin wuya da ma'auni mai kan ƙwallo, duk wanda bambancinsa ya wuce 0.001 in ware shi domin harbin ɗumama bututu. Na kuma lura cewa kwanson da wuyansa yake da sirara a gefe ɗaya, sau da yawa sirarar ta gangara har jikinsa, kuma bayan harbi uku ko huɗu sai ya ɗan lanƙwashe kamar ayaba. Irin wannan babu ƙarfen da zai miƙar da shi.

Auwalu_Fagge:
Ina bin wannan zance da sha'awa. Shin mutum zai iya sayen waɗannan kaya ya gwada a nan Najeriya?

Mai_Kula_da_Zaure:
A'a, Malam Auwalu. Dokar makamai ta 1959 ta sa mallakar bindiga da harsashi a ƙarƙashin lasisi, kuma ƙera harsashi ba aikin ɗaiɗaikun mutane ba ne a Najeriya, aikin masana'antar DICON ce da aka kafa a Kaduna a 1964. Masu magana a nan suna zaune ne a ƙasashen da doka ta ba su dama, kuma ko a Birtaniya sai da takardar izinin mallakar bindiga. Mu koma kan karkata.

Habu_Bloemfontein:
Ni ban ga dalilin duk wannan wahala ba. Agogon Hornady yana riƙe harsashi ta gindi da tsini, kuma yana da ɗan sukurun da ake murɗawa ya tura ƙwayar har allura ta lafa. Ina auna kowane harsashi, wanda ya wuce 0.002 in tura shi ya dawo, shi ke nan.

Garba_Bisley:
Malam Habu, allurar ta lafa, amma me ya faru da wuyan? Lokacin da ka tura ƙwaya gefe, wuyan tagullar ne kake lanƙwasawa, kuma kana iya sassauta riƙonsa a gefe ɗaya. Ka ga ka gyara abin da agogo yake gani, ka taɓa abin da ba ya gani, wato ƙarfin da wuya yake riƙe ƙwaya da shi, wanda yake da hannu a daidaituwar gudu. Sannan agogon da yake riƙe harsashi ta gindi da tsini ba zai ba da lamba ɗaya da wanda yake mirgina shi a kan jikinsa ba, domin kowannensu yana ɗaukar wani layi dabam a matsayin tsakiya. Na taɓa miƙar da harsashi a irin na farko ya nuna 0.001, na ɗora shi a irin na biyu ya nuna 0.003. Har yau ban san wanne bindigata take gani ba.

Habu_Bloemfontein:
Na ji, amma makina a yadi 600 bai ragu ba tun da na fara.

Malamin_Lissafi:
Bai ragu ba, to ya ƙaru? Wannan shi ne ciwon da ke cikin zancen nan gaba ɗaya. Mutum zai harba miƙaƙƙun harsasai biyar su taru a inci 0.6, ya harba karkatattu biyar su taru a 0.9, sai ya zo ya ce ya tabbatar. Alhali idan ka ɗauki harsasai iri ɗaya sak ka harba biyar-biyar sau goma, za ka ga mafi girman tarin ya kusa ninka mafi ƙanƙanta, ba tare da an canza komai ba. Wanda yake son amsa ta gaskiya ya ware aƙalla 30 masu lilo ƙasa da 0.002 da 30 masu lilo sama da 0.005, ya ba wani ya zuba su a akwati biyu ba tare da ya gaya masa wanne ne wanne ba, ya riƙa harbin ɗaya daga nan ɗaya daga can a allo biyu domin zafin bututu da iska su shafe su daidai, sannan ya auna nisan kowane huji daga tsakiyar tarin, ba nisan huji biyu mafi nesa da juna kaɗai ba. Alhaji Garba, ban musanta maganar juyi 243,000 ba. Ina cewa ne idan illar ta kai ɗaya bisa goma na MOA, bindigar da take tara harbi a inci ɗaya ba za ta nuna ta a harbi biyar ba.

Tsoho_6PPC:
Mu masu harbin kan teburi a yadi 100 da 200, da harsashin 6 PPC da Palmisano da Pindell suka fito da shi a 1975, ɗaya bisa goma na MOA shi ne tazarar da ke tsakanin wanda ya ɗauki kofi da wanda ya zo na ashirin. Duk da haka agogona yana cikin durowa ya yi ƙura. Ba don karkata ba ta da illa ba, sai don tsarin aikinmu bai bar mata ƙofa ba: wuyan mazaunin a tsuke yake, muna fere wuyan kwanso ya dace da shi, muna dasa ƙwaya da ƙarfen L.E. Wilson wanda yake rungume kwanson gaba ɗaya kafin ƙwayar ta fara shiga, kuma yawancinmu muna zaunar da ƙwaya tana taɓa zanen bututu. Wanda ƙwayarsa take yin dogon tsalle kafin ta kai zanen, lamarinsa dabam ne da nawa, kuma ba zan yi masa fatawa ba.

Dattijo_Phoenix:
A allon F-Class na yadi 1,000, da'irar X ta tsakiya inci 5 ce, ta maki goma inci 10. Iskar mil ɗaya a awa da ban karanta ba tana ɗauke ƙwaya irin ta Malam Bakano da wajen inci 6 zuwa 7, kuma bambancin gudu na ƙafa 10 a daƙiƙa yana ɗaga ta ko ya sauke ta da fiye da inci 2. Don haka idan lokacina kaɗan ne, na fi son in kashe shi a awon albarushi da karatun tutocin iska. Amma ina auna harsashi biyar a cikin kowane ɗari, domin ranar da lambar ta tashi daga 0.002 zuwa 0.005 na san wani abu ya canza a teburina: ko datti ya taru a mariƙin gindi, ko wuyan tagulla ya taurare yana neman a gasa shi da wuta ya yi laushi, ko sanda ta lanƙwashe. Sau ɗaya haka na gano cewa wani sabon ƙarfen matsewa da na saya ramin wuyansa bai yi daidai da na jikinsa ba tun daga masana'anta, na mayar musu suka canza.

Maryam_Alberta:
Akwai abin da ba a ambata ba a wajen dasawa. Dogayen ƙwayoyi masu siririn hanci, idan ramin sandar dasawa bai yi zurfi ba, tsinin ne yake fara taɓa ƙarshen ramin maimakon sandar ta kama kafaɗar ƙwayar, sai ta shiga tana layi. Ka shafa baƙin alƙalami a hancin ƙwaya ka dasa, ka duba inda ya goge. Idan zobe ya fito a kafaɗa, lafiya lau, idan tsinin ne ya goge, ka nemi sandar da aka yi wa irin waɗannan ƙwayoyi. Haka kuma ka fere bakin kwanso ta ciki sosai, domin kaifin baki yana kankare jan ƙarfen ƙwayar a gefe ɗaya.

Bakano_Houston:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire ƙwallon, na ari sandar 0.262 a wurin wani abokina, na saka zoben robar da Baba Dattijo ya ce. A cikin 20 da na ɗura, 18 ba su wuce 0.002 ba, sauran biyun kuma da na auna kaurin wuyansu sai na tarar da abin da Injiniya ya faɗa. Tsofaffin karkatattun nan ban warware su ba, na ajiye su, kuma zan ci gaba da tarawa har su kai 30 domin in yi gwajin Malamin Lissafi. Matata ta yarda za ta zuba su a akwatunan ta riƙe sirrin.

Garba_Bisley:
Tunda za ka yi, ka ƙara abu ɗaya. A kowane karkataccen harsashi ka sa ɗigon alƙalami a gindin kwanso a gefen da allura ta fi hawa, sannan ka saka rabinsu a bindiga ɗigon yana sama, rabi kuma yana ƙasa, a allo dabam-dabam. Idan karkatar tana aiki, tsakiyar tarin biyu za ta rabu, kuma rabuwar tsakiya ta fi sauƙin gani a kan bambancin girman tari. Sai dai ɗigon zai tona wa matarka asiri, don haka ka sa shi a miƙaƙƙun ma.

Malamin_Lissafi:
Wannan ya fi nawa tsarin, Alhaji. Malam Bakano, ka saka su a bindiga ɗaya-ɗaya da hannu, kada su bi ta gidan harsashi, domin hawa daga can yana iya juya ɗigon ko ya bugi hancin ƙwayar. A wane nisa za ka harba, yadi 100 ko 300?